Azahar a Lambun Gwaggo Hauwa

Akwai ranakun aiki da mutum ke mantawa da su tun kafin ya wanke hannu. Wannan kam, har in koma ga Allah ba na jin zan manta da ranar da ma'aikatana suka yi sallar azahar a wani gida a unguwar Jarwal, nan Makka, sallar da ta kusa raba wata tsohuwa da abin da ya rage mata na ɗan'uwanta. Tunda mota ba ta iso ba, ku ƙara mini shayi ku matso. Masu latsa waya kuma su ci gaba, ba dole.

Lokacin shekarata huɗu da zama mu'allim a wata ƙaramar mu'assasa ta gyaran gidaje, wato ɗan kamfani, a unguwar Hindawiyya. Ga waɗanda suka zo kwanan nan, tsarin haka yake: mudir yana ofis, shi ke karɓar aiki. Mu'allim shi ne shugaba a wurin aiki, shi ke awo, shi ke raba aiki, in abu ya ɓaci kuma wuyansa ake kamawa. A ƙarƙashinsa akwai mai famfo da mai balaɗ, wato tayil, sannan leburori. Watan Safar ne, alhazai sun watse, gari ya samu ya yi numfashi. A irin wannan lokaci ne masu gidaje ke tunawa da ɓarnar da suka kau da kai a kanta tun kafin aikin hajji.

Aikin ba wani babba ba ne. Bututun da ke ɗauko ruwa daga hazzan, tankin nan na ƙarƙashin ƙasa, ya fashe a wani wuri a tsakar gida. Ruwan da motar wayit, tankar ruwan nan, ta saba zuba musu ya kai su mako, sai ya koma ƙarewa a kwana uku. Sai an tona, a canza bututu, a mayar da ƙasa. Aikin kwana biyu, in ya yi tsawo uku.

Mai gidan, Ustaz Faisal, ma'aikacin wani ofis ne, haihuwar Makka. Kakanninsa Kanawa ne da suka zo hajji a ƙafa suka zauna. Yana jin Hausa sarai, amma ba ya mayarwa. Ka yi masa Hausa, ya amsa maka da Larabci, kamar yawancin 'ya'yanmu na yanzu. Ranar da na je duba aikin, kafin ya buɗe ƙofar tsakar gida ya ce mini bututun ya bi ta ƙarƙashin lambun mahaifinsa. Na shiga ina neman ganye. Na duba dama, na duba hagu. Na ce, "Ya Ustaz, ina lambun?"

Ya nuna ƙasa da makullin mota.

Fili ne da bai fi ɗaki biyu ba, an shimfiɗe shi da farar tsakuwa ƙanana. An ja layuka a kan tsakuwar, siri-siri, a jere kamar kitso, wasu a miƙe, wasu sun zagaye duwatsu. Duwatsun bakwai ne, baƙaƙe, uku manya, huɗu ƙanana, ko wanne ya kama gabansa. A gefe akwai benci na katako, da shingen gora a jikin bango, da wani ɗan rumman a tukunya wanda aka hana shi girma, tsawonsa bai kai gwiwata ba. Shi ke nan lambun. Ni dai a raina na ce magina ne suka bar ragowar kaya, wani mai tsafta ya share.

Faisal ya ce, "Da son raina ne, a kwashe duka a shimfiɗa balaɗ, in samu inda zan ajiye mota. Amma mun yi sharaɗi da yayar mahaifina. In kun iya mayar da shi yadda yake, ba ƙari ba ragi, ya zauna. In dutse ɗaya ya kauce daga wurinsa, halas, shi ke nan, balaɗ za a yi. Ita ma ta yarda."

Yana rufe baki sai ga ta ta fito tana bin bango da hannu. Gwaggo Hauwa ke nan, 'yar siririyar tsohuwa, idonta ya yi yana, ba ta ganin komai sai haske da inuwa. Na durƙusa na gaishe ta. Tana jin Hausata ta ce, "A'a! Ɗan gida ne ashe. Amma wannan Hausar taka ta kwana a Sudan." Na ce ta kwana, Gwaggo, har ta yi shekaru, a can aka haifi mahaifina. Ta yi dariya ta ce in zauna a benci, ba a kallon wurin nan a tsaye.

Ita ta ba ni labarin. Ƙaninta Abubakar, mahaifin Faisal, makanike ne a wani kamfanin motoci a Jidda. Suka tura shi Japan koyon aiki na wata shida. Wasu sun dawo da rediyo da agogo, shi ya dawo da wannan a kansa. Duwatsun da kansa ya zaɓo su a hanyar Ɗa'if, ɗaya bayan ɗaya. Ta ce akwai wanda ya yi wata uku yana juya shi kafin ya yarda ya binne gindinsa.

Na ce, "To Gwaggo, ita tsakuwar fa?"

Ta ce, "Ruwa ne."

"Ruwa?"

"Ruwa mana, ɗana. Ba ka ga igiyarsa ba? Duwatsun kuma tsibirai ne. A garin da ake sayen ruwa a mota, ƙanina ya yi wa kansa kogin da ba ya ƙafewa. Ni ce na fi kowa yi masa tsiya. Na ce Abubakar, ka je ƙasar mutane ka koyo noman dutse, yaushe za mu ci amfanin gona?"

Da ya rasu, ta ce kwana arba'in ba wanda ya taka wurin. Iska ta shafe layukan, maguna suka mai da shi nasu. Wata safiya ta kasa jurewa, ta ɗauki manjagarar katakon da ya sassaƙa da hannunsa, ta shiga. Tun daga ranar, shekara goma sha ɗaya, kullum bayan fitowar rana sai ta cire takalmi ta ja layukan, tana tafiya da baya don manjagara ta shafe sawunta. Da idon ya tafi ma ba ta fasa ba, ƙafarta ta riga ta haddace wurin.

Na yi mata alkawari da bakin nan nawa. Na ce, "Gwaggo, ki kwantar da hankalinki. Ko tsakuwa ɗaya ba za ta yi ɓatan kai ba." Ta ce Allah ya yi mini albarka.

Ƙa'idar irin wannan aiki kun san ta, ko ya kamata ku sani. Kafin a taɓa komai, a ɗauki hoto ta kusurwa huɗu. A auna nisan kowane abu daga bango biyu, a rubuta. A sa wa kowane dutse lamba da alli, a yi masa alama ta gefen da ke kallon ƙofa. Sannan a ɗaga. Ranar dubawa ban yi ko ɗaya ba. Na ce ai sai ranar aiki, me ake ci na sauri.

Ranar aikin muka iso da hantsi, ni da mutum huɗu. Babbansu Malam Idi, dattijo ne daga wani ƙauye a ƙasar Damagaram, ya biyo ta Chadi ya zo. Lebura ne, amma duk inda muka je aiki shi ne limaminmu, kuma ya haife ni a shekaru. Muna sauke kaya na ga bututun da aka ba mu daga sito ba girmansa ba ne, tef ɗin awo kuma yana can a ɗaya motar. Dole in koma Hindawiyya. Faisal yana ofis, Gwaggo ta gama sharar safe ta shiga ciki. Na ce musu, "Ku zauna a inuwa ku jira ni. Kada wanda ya fita, kada a bar kayan mutane ƙofa a buɗe."

Abin da na faɗa ke nan, ban ƙara ko kalma ba. Zan gaya muku gaskiya, kunya ce ta hana ni. Na hango kaina ina ce wa ƙarti huɗu wannan tsakuwar ruwa ce, waɗannan duwatsun tsibirai ne, na san har mu bar aikin nan sunana Mu'allim Mai Kogi. Na ce bari in dawo tukuna.

Cunkoso ya riƙe ni. Aka kira azahar ina hanya, na tsaya na yi salla a wani masallaci, ban iso ba sai wajen ƙarfe biyu. Na tura ƙofa, bututu a kafaɗata.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Babu layi ko ɗaya. An bi tsakuwar da katako an daidaita ta sumul. Ƙananan duwatsun nan huɗu an ciro su, an jera uku a layi ɗaya, na huɗun, wani mai faɗi, an turo shi gaba kaɗan ta wajen da ake hango hasumiyar Harami. Ga sawun gwiwoyi da goshi a kan tsakuwa, sahu guda da liman a gaba.

Malam Idi ya taso yana murmushi, carbi a hannu. Ya ce, "Mu'allim, sannu da hanya. Ka ce kada mu fita, sai muka yi sallarmu a nan. Mun ma gyara musu masallacin, yara sun watsa duwatsun ko'ina, alƙibla ma ba a gane ta. Manyan ukun ne suka ƙi ciruwa, sai an sa ƙarfe."

Ku da aka haifa a nan ba za ku gane ba, shi ya sa kuke dariya. A ƙauyukanmu na can, masallacin ƙofar gida ba gini ba ne. Wuri ake sharewa, a zuba rairayi mai kyau, a kewaye da duwatsu, a turo ɗaya gaba ya nuna alƙibla. Duk Bahaushen da ya tashi a ƙauye, ya ga wuri a share fes, da farin ƙasa da duwatsu, babu sawun kowa a kai, abu ɗaya zai zo masa a rai. Malam Idi bai yi ɓarna ba a ganinsa, lada ya nema.

Ni kuwa a lokacin ban tsaya wannan tunanin ba. Na jefar da bututu na hau dattijon nan da faɗa. Na ce wa ya aike ka? Na ce an kawo ka tona rami ko an kawo ka gyaran addinin mutane? Na faɗi maganganun da har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni.  Murmushin ya tafi, ya sunkuyar da kai yana jan carbinsa.

Hayaniyata ce ta tashi Gwaggo daga ƙailula. Ta fito tana bin bango, ta tsaya a bakin tsakuwar, ta zare takalmi, ta sa ƙafa ɗaya. Ta ɗan shafa. Ta ƙara taku biyu, ta miƙa ƙafa inda ta san akwai dutse, ƙafar ta faɗa wayam. Ta daɗe a tsaye a wurin.

Ta ce, "Wa ya kashe ruwan?"

 Ta juya, ta lalubi takalminta, ta shige ciki ta ja ƙofa. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Bayan la'asar Faisal ya dawo. Ya tsaya ya kalli wurin. Na zaci zai yi faɗa, sai na ga kamar an sauke masa kaya. Ya ce, "Halas. Allah ya yanke. Gobe ku kawo balaɗ." Na bi shi har bakin mota ina roƙo. Na ce laifina ne, ba na tsohuwa ba, kada a hukunta ta da gangancina. Na ce ya ba ni zuwa gobe iwar haka. Ya ce ko ina da hoto ko awo? Na ce babu. Ya ce to da me zan mayar? Na ce ya dai ba ni. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ɗayyib. Gobe bayan la'asar. A gidan nan na girma, in dutse ya kauce da taki ɗaya zan sani."

Na kira mudir na gaya masa. Ya ce, "Ya Hamisu, mutum ya ce a yi masa balaɗ, aiki ya ƙaru, kai kuma kana roƙonsa ya fasa? Kanka ɗaya kuwa?" Na ce na yi wa tsohuwa alkawari. Ya ce kwana ɗaya ya ba ni, kada in ƙara masa ko awa.

Washegari muna idar da asuba muka kama hanya. A mota na ba Malam Idi haƙuri a gaban sauran, tunda a gabansu na ci masa fuska. Ya ce, "Ba komai, Mu'allim. Amma da ka gaya mana." Maganar ta fi mari zafi, don gaskiya ce.

Ga abin da na dogara da shi. Duk abin da ya daɗe a zaune a ƙasa yana barin gurbinsa, ko tayil ne ko tulu. Na hana a sa shebur. Muka durƙusa mu biyar, da tsintsiya da tafin hannu, muna janye tsakuwar kaɗan-kaɗan muna zubawa a buhu. A ƙarƙashi ƙasar ta daskare kamar siminti, shekara da shekaru ba a tona ta ba. Wajen ƙarfe tara muka samu rami na farko, cike da tsakuwar da suka tura ciki jiya. Muka kwashe ta da cokali, wallahi da cokalin shayi. Kafin sha ɗaya mun samu uku. Su kansu duwatsun sun taimaka, don kowanne launi biyu ne: saman da rana ta ci ya yi baƙi ƙirin, gindin da ke binne ya yi ja-ja. Iyakar launin ita ce iyakar zurfin.

Sai matsala biyu suka tsaya mana. Ramukan sun ɗan zube a baki lokacin da aka ciro duwatsun, ko ta wane gefe ka juya dutse sai ya zauna. Ban san wace fuska ke kallon benci ba. Na huɗun kuwa, mai faɗin nan da Malam Idi ya yi alƙibla da shi, ba shi da rami ko kaɗan. Ashe shi a kan tsakuwa aka ɗora shi, ba a binne shi ba. Muka share filin kaf, babu alama. Har yanzu yana nan inda aka turo shi jiya, don na hana a taɓa shi.

Mutum ɗaya ne a duniya ya san amsar, ita kuma tun jiya ba ta fito ba. Ranar ko sharar safe ba a yi ba, karo na farko a shekara goma sha ɗaya. Na yi sallama a ƙofarta sau biyu, shiru.

Malam Idi ya karkaɗe gwiwarsa ya ce bari shi ya gwada. Ya je ya tsuguna daga gefen ƙofa, ya yi sallama, ya ce, "Hajiya, ni ne na yi ɓarnar, sunana Idi. Ban zo kare kaina ba. Ki yafe mini don Allah, ko ki fito ki faɗa mini abin da ke ranki, na cancanta."

Can sai muka ji motsi. Ta buɗe, ta tsaya a bakin ƙofa. Ta ce, "Kai ne babbansu?" Ya ce shi ne. Ta ce, "Me ya kai ka? Me duwatsun suka yi maka?"

Ya ce, "Wallahi Hajiya, masallaci na ɗauka."

Ta ce, "Me ka ce?"

"Masallaci. Na shigo na ga wuri fes, ko tsinke babu. Na ce wa yaran nan, mai gidan nan mai tsoron Allah ne, dubi yadda ya killace wurin sallarsa. Aka kira azahar, muka yi alwala muka shiga."

"Kuka yi salla a ciki?"

"Raka'a huɗu, Hajiya, cikin jam'i. Har na yi wa wanda ya kafa wurin addu'a, ban san ko wane ne ba."

Gwaggo ta lalubi bango. Na zaci faɗuwa za ta yi, na matsa, ta ɗaga mini hannu. Ta taka a hankali har benci ta zauna. Sai na ga hawaye na bin fuskarta, ba ta share ba.

A daidai nan Faisal ya shigo. Ya kasa haƙurin la'asar, ya baro ofis da wuri. Ya tsaya a bakin ƙofa, ita ba ta san ya zo ba, ko kuma ta sani, Allah masani.

Ta ce, "Malam Idi, zauna ka ji. Da ƙanina ya kafa duwatsun nan, magana ta zagaya unguwa cewa Abubakar ya je ƙasar da ba sa salla ya dawo da gumaka. A Makka fa. Suka ce yana zama gabansu da yamma yana kallo, me ya rage? Shi da in liman bai zo ba a masallacin lungunmu shi ake turawa gaba. Daga shekarar nan ba a sake tura shi ba. In ya matsa sai wani ya riga shi. Akwai maƙwabcin da ya daina cin abincin gidan nan. Bai taɓa cewa komai ba, sai ya dawo ya ɗauki manjagara. Yaron nan Faisal, a makaranta ɗan mai gumaka suke ce masa, ya dawo gida da riga a yage ba sau ɗaya ba. Har Abubakar ya koma ga Allah ba wanda ya zo ya ce masa mun zalunce ka."

Ta ja numfashi. "Yau ga bayin Allah daga wata uwa duniya, ba su san shi ba, ba wanda ya gaya musu komai. Suka kalli aikin hannunsa, suka ga wurin sujada."

Malam Idi ya ce, "Abubakar kika ce sunansa?" Ta ce Abubakar. Ya ɗaga hannu, mu ma muka ɗaga, a nan tsakiyar buhunan tsakuwa da ƙura. Da muka shafa na saci kallon Faisal. Hannunsa na ƙasa, amma muƙamuƙinsa na motsi.

Sai ta miƙe ta ce a kai ta wurin ramukan. Muna ɗaga dutse, tana shafa shi da tafin hannu kamar mai duba goshin mara lafiya. "Juya shi. Ƙara. Wannan tsagin benci yake kallo. Tsaya nan." Cikin rabin awa uku sun zauna daram, launi ya haɗu da bakin ƙasa. Na auna, na rubuta, na ɗauki hoto, abin da ya kamata in yi tun shekaranjiya.

Na ce, "Saura mai faɗin, Gwaggo. Shi bai bar gurbi ba. Ko za ki iya tuna wurinsa?"

Ta ce, "Tunawa? Shekara goma sha ɗaya ina zagaye shi. Taku huɗu daga shingen gora, biyu daga babban dutse. Ko cikin barci aka tashe ni zan kai ka."

Na ji wani sanyi a raina. Na ce alhamdu lillahi, ku ɗauko shi.

Ta ce, "Kada wanda ya taɓa shi. A bar shi inda Malam Idi ya sa shi."

Na ce, "Gwaggo, sharaɗin fa? An ce ko ɗaya ya kauce..."

"Na san sharaɗin, da ni aka yi." Ta juya fuskarta daidai ƙofa. "Faisal, na ji shigowarka. Ga shi nan, dutse ɗaya ya kauce, kuma ni na hana a mayar. Ka ci sharaɗi. In balaɗ za ka shimfiɗa, gidanka ne, ba zan yi maka baki ba. Amma ni da hannuna ba zan ɗauke shaidar da aka yi wa ubanka ba."

Jama'a, na yi aiki a gidaje da yawa, ban taɓa ganin irin wannan ba. Tsohuwar nan ta ɗauki abin da take tashi dominsa kowace safiya ta ajiye a gaban yaron, ta janye hannunta. Ni da na yi rabin yini a durƙushe ina tonon rami da cokali, na ji kamar in ce mata Gwaggo ki yi wa Allah. Na dai kama bakina.

Faisal ya tako a hankali. Ya zo bakin filin ya tsaya, ya dubi takalminsa, ya cire. Ya taka ƙasar har gaban dutsen, ya tsuguna, ya ɗora hannu a kansa. Ya kalli ta inda dutsen ya nuna, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, da wata Hausa mai rawa kamar ta mai koyon tafiya, "A bar shi, Gwaggo. A bar wa Baba."

Ya miƙe ya shige cikin gida da sauri, ko takalmin bai ɗauka ba.

Bututun mun canza shi washegari. Na karkatar da ramin ta jikin bango, ya ci mana ƙarin mita uku da faɗan mudir, amma ba mu sake ɗaga dutse ko ɗaya ba. Muka wanke tsakuwar buhu-buhu, muka shanya, muka mayar. Ranar da muka kwashe kaya, Gwaggo ta aiko mana da tuwo da miyar kuka, irin wanda rabona da shi tun rasuwar mahaifiyata. Malam Idi ya ci yana share ido, wai yaji ne.

Gwaggo shekara uku ta ƙara a duniya. Faisal da kansa ya kira ni ya gaya mini, muka je Harami aka yi mata salla bayan la'asar, ni da Malam Idi muna sahu ɗaya. Shi ma daga baya ƙarfi ya ƙare, ya koma gida, labarinsa ya yanke mini. Lungun kuwa yanzu ba za ku gane shi ba, dogayen gine-gine sun cinye shi, iyalin sun koma unguwar Ka'akiyya. In na bi ta wurin nakan rage gudu, ban san me nake nema ba. Ina kewar mutanen nan, wallahi ina kewarsu.

Abin da na ɗauka daga wannan aiki shi nake so ku riƙe. Mu masu gyara, gidan mutane muke shiga da guduma, kuma rabin abin da ke cikin gida ba a ganinsa da ido. Tef yana gaya maka nisan abu daga bango, ba ya gaya maka me ya sa aka ajiye shi a nan. Don haka kafin ku sauke kaya, ku nemi wanda ya fi kowa tsufa a gidan, ku nuna abin da ba ku gane ba ku tambaya. Abin da aka gaya muku kuma ku gaya wa na ƙasa da ku, ko da za su yi muku dariya har shekara. Ni Allah ya rufa mini asiri, ya sa kuskurena ya faɗa hannun mutumin da ya fi ni kyakkyawan zato. Ba kullum ake dace da irin Malam Idi ba.